Gona da garke: abin da na tsinta a zaman sulhu

Bayan la'asar muka zauna ƙofar gidan mai unguwa kan shanun da suka shiga gonar wake. Ga abin da na riƙe daga bakin dattawa.

Wani tsoho ya ce kafin a ƙirga ɓarna, a kai manomi ya taka burtalin da ƙafarsa, ya ga inda shuka ta matse hanya har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa kara. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma gonaki sun cinye da yawa daga cikinsu. Shi ma makiyayi a tsayar da shi tsakiyar gonar, ya ɗauki waken da aka tattake a tafin hannunsa, a gaya masa bashin takin da ke wuyan mai ita. Wannan shawara ta fi shiga raina, domin wanda ya gani da idonsa, muryarsa kan sauka da kanta.

Arɗo ya roƙi a daina yanke tara ranar da abin ya faru, a kwana tukuna zuciya ta huce. Wasu suka kawo misalin Nijar, inda hukuma kan sanar da ranar sakin gonaki bayan girbi.

Liman ya ce kowa ya fara faɗin kukan abokin rigimarsa kafin nasa. Nan take aka gwada. Manomin ya yi ta inda-inda, can ya ce, "Arɗo, ashe har mashayar ma an katange muku."