Wa ya fi ganin marasa lafiya a kujerar haƙori?

Yaya Musa: Ni dai na faɗa, in za a ɗauki likitan haƙori a Katsina, a ɗauki namiji matashi. Mata ba sa daɗewa a aiki. Jiya na kai Inna wani asibiti, likitar ta tashi ƙarfe 2, muna zaune da kati a hannu.

Anti Hajara: Musa, ka tambayi tun ƙarfe nawa take sunkuye a kan bakin mutane?

Yaya Musa: Anti, ko a Amurka da Ingila an gano mata sun fi maza yin aikin rabin yini. Ba ni na ƙirƙira ba.

Dakta (likitar haƙori): Wannan gaskiya ne a can, musamman shekarun haihuwa da reno. Amma akwai abin da ka tsallake. Cire haƙori kan ɗauki mintuna kaɗan. Wanke jijiyar haƙori a cike kogon kuwa sai a ci awa guda, wani lokaci a dawo zama biyu. Wanda ya cire goma da wadda ta ceto uku, wa ya fi aiki? Kuma yaro mai kuka da tsoron allura, sau da yawa wurinmu mata ake turo shi.

Baba Alhaji: 'Yata, batun shekaru fa? Ni tsohon likita na fi yarda da shi.

Dakta: Baba, Allah ya ƙara girma. Tsoho ya fi sanin hannu, amma aikin nan yana cin wuya da ƙugu da ido. Manyanmu da yawa suna rage awanni saboda ciwon baya. Nauyin layi kan faɗa kan matasa ne.

Anti Hajara: Matasan ma ina suke? Shekara 6 a jami'a, kamar Bayero ta Kano, 1 ta horo, 1 ta bautar ƙasa, sai ka ji sun tafi Saudiyya. Mace mai gida a Ƙofar Ƙaura ita ce za ta zauna. Ni kuma wallahi ba na buɗe baki gaban namiji in akwai mace, kuma ba ni kaɗai ba ce.

Yaya Musa: To Inna fa? Kwana uku ba ta iya tauna tuwo.

Dakta: Allah ya ba ta lafiya. In kuncin ya kumbura ko akwai zazzaɓi, kada ku kwana, ku tafi sashen gaggawa yau. In babu, kawo ta gobe ƙarfe 8.