Wa ya taɓa zuwa tafkin da ke bakin dutse mai aman wuta? Ina neman shawara

Ɗan Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah tambaya gare ni, kar dai a yi min dariya. Tun muna sakandare malaminmu na jogirafi ya zana mana dutse mai aman wuta a allo, ya ce wani in ya gama amansa ya lafa sai ruwa ya taru a cikin ramin bakinsa ya zama tafki, to tun ranar abin nan yake raina, ni dai ina so in tsaya a gefen irin wannan ramin in leƙa da idona ba a hoto ba. Bana in Allah ya kai mu Disamba ina da hutun sati biyu a wajen aiki, kuma kwasar adashinmu a kaina za ta faɗo a watan Nuwamba, ba wani kuɗi ne mai yawa ba amma dai zai ɗan taɓuka. Uwargida ta ce wallahi ƙafata ƙafarta, ga yara biyu, babban shekara 9 ƙaramar 5. Na ji ana maganar tafkin Nyos a Kamaru tunda maƙwabta ne ina ganin ko ta mota ma za a iya, wani abokin aikina kuma ya ce in manta da shi in tafi Ruwanda. Wanda ya san kan abin ya taimaka, ina ya fi dacewa da mai iyali kuma mai ƙaramin aljihu?

Malamin Jogirafi:

Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka burge ni, ashe dai akwai waɗanda suke sauraronmu a aji, mu da muke zaton duk barci ake yi. Amma maganar Nyos ka ajiye ta gefe tukuna, bari in faɗa maka dalili.

Shi wannan tafkin yana yankin Arewa maso Yammacin Kamaru ne, wato ɓangaren masu Turancin Ingilishi, inda ake ta rikicin 'yan aware tun wajen 2017, ba wurin da mutum zai kwashi mata da yara ya nufa ba ne da sunan buɗe ido. Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma tarihin wurin, wanda ya kamata kowa ya sani. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya yi gyatsar wata iska mai guba, mutum 1,746 suka rasu, dabbobi kimanin 3,500, da yawansu shanun Fulani makiyaya ne da ke kiwo a kan tsaunukan. Ba wuta ba ce, ba ambaliya ba, gidaje na nan tsaye ƙalau, mutane kawai aka wayi gari aka tarar a kwance. Yadda abin yake, can ƙarƙashin tafkin akwai sauran zafin dutsen da bai mutu ba, yana ta tura iskar kabon cikin ruwan ƙasa-ƙasa shekara da shekaru, tafkin kuma zurfinsa ya haura mita 200, nauyin ruwan sama ya danne na ƙasa kamar yadda murfi yake danne gas a kwalbar lemo. Ranar da wani abu ya girgiza ruwan sai aka ɓalle murfin. Ita kuma iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, saboda haka ba sama ta yi ba, gangarowa ta yi ta bi kwari tana shiga ƙauyuka, Nyos da Cha da Subum, ba ta da launi balle a gan ta a gudu. Shekara 2 kafin nan, a 1984, wani tafkin mai suna Monoun a Kamarun dai ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tsakiyar Nyos yana zuƙo ruwan ƙasan yana fesowa sama iskar na fita kaɗan-kaɗan, a 2011 aka ƙara wasu biyu.

Kuma mu ma abin ya shafe mu fa, don ruwan yankin ta kogin Katsina-Ala yake gangarowa, tsoron kar katangar tafkin ta ɓalle ta yi wa Taraba da Binuwai ambaliya yana cikin dalilan da suka sa aka gina dam ɗin Kashimbila. Na tsawaita, a yi haƙuri, ciwon malamai ne.

Ɗan Unguwar Rimi:

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam ai ka kashe min jiki, to kenan duk irin tafkunan nan haka suke? Kar in je in kai 'ya'yan mutane.

Malamin Jogirafi:

A'a ba duka ba, kwantar da hankalinka. Guda uku ne a duniya aka san suna tara iska haka, Nyos, Monoun, sai Kivu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango. Sai tafki ya yi zurfi sosai kuma ruwansa ba ya juyawa sannan hakan ke faruwa. Ƙananan nan da iska da sanyi ke motsa ruwansu duk shekara ba su da wannan matsalar.

Baban Khalifa Kawo:

Kai jama'a, mutum yana Kaduna ana ta kai shi Kamaru da Ruwanda alhali ga abu a bayan gida. Malam Ɗan Unguwar Rimi, Filato za ka. Akwai tafkin Pidong, wasu su ce Ampidong, a Ampang West cikin ƙaramar hukumar Mangu, ni da kaina na je lokacin ina sarin dankalin Turawa a yankin, shekara kusan shida ina bin hanyar nan kafin in koma harkar taya.

Ka tashi da sassafe ka bi ta Pambeguwa, Saminaka, Jengre ka shiga Jos, in hanya ta yi kyau kafin azahar ka isa, ka kwana a Jos ka huta saboda yara. Washegari ka bi ta Bukur da Barikin Ladi zuwa Mangu, daga nan ka nufi ɓangaren Panyam da Kerang. Tun kafin ka isa za ka fara ganin duwatsun sun canza, ba irin namu na Kajuru da Kufena masu santsi da aka ɗora kan juna ba, waɗannan tuddai ne a tsaye kamar an kife ƙwarya, wasu samansu a lotse, ƙasar wurin ja-ja baƙi-baƙi ga wasu baƙaƙen duwatsu masu huji-huji kamar soso. Ruwan roba na Swan da muke sha ai daga Kerang ɗin nan yake fitowa, mutane da yawa ba su sani ba. Kuma wannan ƙasar da dutsen ya amayar ita ce sirrin noman wurin, masara da dankali sai ka rantse taki aka zuba musu da tirela.

Tafkin kansa gaskiya ba ƙato ba ne, kar ka je da tunanin za ka ga teku, amma yadda yake a lafe cikin ramin, ruwan kore shar ba motsi, ba rafin da ke shiga ba wanda ke fita kuma rani da damina yana nan, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, na tsaya ina ta subhanallah. Akwai ɗan hawa kafin ka kai gefen, babban yaronka zai iya, ƙaramar kam ka shirya saɓa ta a kafaɗa. Ba otal a wurin, ba shago, ba wani mai sayar da tikiti da na gani a lokacin, ka taho da ruwanka da abincinka. Abu mafi muhimmanci kar ka faɗa wa mutane wuri kai tsaye kamar gonar babanka, ka fara gaida manyan ƙauyen, mutanen Mwaghavul ne kuma kusan kowa na jin Hausa, ka nemi a haɗa ka da yaro ya raka ka, ka sallame shi da abin kirki. Suna da al'adunsu game da ruwan, abin da suka ce kar a yi to kar a yi, kuma kar ka bar yara su shiga wanka ko da wasa, gefen yana da santsi kuma zurfin ba a hankali yake farawa ba.

Disamba za ka je ko? To sanyin Filato ba irin na Kaduna ba ne, ka sayi rigunan sanyi a gwanjon Kasuwar Barci tun yanzu kafin su yi tsada, har da safa da hular sanyi, da man shafawa saboda kaushi.

Hajiyar Barnawa:

Baban Khalifa ka faɗi daɗin ka bar ɗacin. Mangu fa an sha rikici a 2023, a Janairun 2024 ma sai da aka sa dokar hana fita, kuma ƙarshen shekara lokaci ne da ake yawan zaman ɗar-ɗar a wannan yankin. Ni ba cewa na yi kar ya je ba, amma mai tafiya da mace da yara ba ya tafiya da labarin shekara shida da suka wuce. Ƙanena ka samu wani mazaunin can wanda ka yarda da shi ka kira shi ana jibi za ka tashi, ka sake kira ranar da za ka tashi, in ya ce maka dakata to ka dakata, kuma duk yadda za a yi kar la'asar ta same ku a ƙauye, ku juyo Jos da rana tsaka.

In kuma kuɗin adashin da ɗan auki, ni Habasha zan ce maka. Na je Bishoftu, da ana ce masa Debre Zeit, bai fi tafiyar awa ɗaya daga Addis Ababa ba, kilomita arba'in da wani abu ne. Garin gaba ɗaya tafkunan bakin dutse ne suka kewaye shi, akwai Hora, akwai Babogaya, akwai wanda ake kira Bishoftu ɗin kansa, kana zaune a otal kana shan gahawa ramin yana ƙasanka ga tsuntsaye kala-kala. A tafkin Hora ne 'yan ƙabilar Oromo suke bikinsu na Irreecha wajen farkon Oktoba. Jirgin Ethiopian na tashi daga Kano da Abuja, abincin halal ba wahala don musulmi suna da yawa, sai dai injerar nan tasu mai tsami yarana ƙin ci suka yi, kwana uku suna kan burodi da ƙwai. Ka nemi biza tun kana gida, da katin rigakafin shawara na kowa har yaran. Matsalar kawai tikitin mutum huɗu da canjin dala na yanzu, hmm, Allah dai ya rufa asiri.

Baban Khalifa Kawo:

Hajiya gaskiyarki kan maganar tsaro, ban musa ba, ni ma yanzu sai na yi waya nake shiga. Amma tikitin mutum huɗu zuwa Habasha ai kuɗin fili ne a Rigasa, bawan Allah ya ce adashi zai kwasa ba gado ya ci ba.

Injiniya Ba Aiki:

Hhhh Baban Khalifa ka kashe ni. Ni dai ƙarin bayani kan Ruwandan da abokinsa ya ce, Kivu ba irin ɗan ramin da yake son leƙawa ba ne, ƙaton tafki ne kamar teku a yankin duwatsu masu aman wuta, har iskar gas ɗin da ke ƙasansa suke zuƙowa suna ba da wutar lantarki da ita. Garin Gisenyi da ke bakinsa yana manne da Goma ta Kwango, ga dutsen Nyiragongo a saman Goma wanda ya yi aman wuta a 2002 ya sake a Mayun 2021, ga kuma rikicin 'yan tawayen M23 a tsallaken, ɓangaren Kwango. 'Yan Afirka ba sa shan wahalar biza a Ruwanda, wannan kam gaskiya ne, amma in za ka je ɓangaren garin Kibuye, shi ma a bakin tafkin, ya fi kwanciyar hankali. Sannan ba wanda ya ambaci tafkin Tila a kusa da Biu, shi ma bakin dutse ne, matata 'yar can ce kullum sai ta yi min gorin ban taɓa zuwa ba, sai dai hanyar kudancin Borno ita ma kun san sai da tambaya.

Ɗan Unguwar Rimi:

Kai na gode ƙwarai wallahi, Allah ya saka wa kowa da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Na karanta wa uwargida duka, tana jin labarin Nyos ta ce ko kyauta aka ba ta ba ta zuwa, tana jin Habasha kuma ta gyara zama, sai da na nuna mata lissafin tikiti a waya sannan ta yi shiru. Abin da muka tsayar, Filato za mu in Allah ya yarda amma ba ƙarshen Disamba ba, zan roƙi oga ya matso min da hutun zuwa satin farko, mu sauka gidan wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare a Jos, shi zai bincika mana hanyar Mangu, in ya ce ba daɗi sai mu tsaya iya Jos yara su ga gidan zu da duwatsun Shere mu dawo. Baban Khalifa dan Allah daga Mangu zuwa ƙauyen ƙaramar mota za ta iya shiga ko sai mun ajiye ta mun hau acaɓa? Don tawa tsohuwar Corolla ce kuma ƙasa take sosai, ko kwalbatin layinmu sai na karkace nake haye shi.

Baban Khalifa Kawo:

Da rani za ta shiga har kusa, in dai ba gudu za ka yi ba, sauran kuma ƙafa ce. Ka duba taya da safaya kafin ka tashi, in sun sude ka biyo ta shago a Kawo in yi maka ragi. Kuma ka bar wuri a but, buhun dankali ɗaya nawa ne.