Teleskof ɗin da aka rubuta wa 525x, in saya ko in haƙura?

Baban_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar kallon sama. Na ga wani teleskof a ɗaya daga cikin kasuwannin nan na intanet, a jikin kwalin an rubuta 525x da manyan baƙi ga hoton Saturn da zobensa raɗau, a ƙasa kuma an sa 60mm da 700mm. Yana zuwa da ƙafa uku da wasu ƙananan gilasai guda uku da wani abu wai shi Barlow 3x, kuma kuɗin bai fi ƙarfina ba. Abin da nake so shi ne ni da yara mu ga zoben Saturn ɗin nan da idonmu, mu ga ramukan wata, sannan in lokacin duban watan azumi ko na sallah ya yi in riƙa fita da shi. A Kano nake wajen Hotoro, saman bene za mu riƙa hawa. Tambayata, 525x ɗin nan gaskiya ne kuwa? Sannan akwai wani mai 70mm da aka rubuta wa 140x kawai amma ya fi wancan tsada, to ta yaya mai ƙaramin zumin zai fi tsada? Na gode.

Injiniya_Samaru:

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Don Allah kar ka saya, bari in nuna maka inda suka samo lambar. 700mm ɗin nan tsawon fokas ɗin teleskof ɗin ne, kuma zumin ana samunsa ne in ka raba wannan tsawon da lambar da ke jikin gilashin ido, wato ɗan ƙaramin da kake ɗora idonka a kai. A cikin ukun da suka ba ka akwai mai 4mm, 700 a raba da 4 ya ba ka 175, ka ninka sau uku da Barlow ɗin, wato gilashin da ke ninka zumin, ya zama 525. To a lissafi ba su yi ƙarya ba, amma a aikace babu abin da za ka gani sai dishi-dishi da duhu, kamar ka ja hoton ƙaramar waya har ya farfashe.

Abin da ake saye a teleskof faɗin bakinsa ne, wato 60mm ɗin da suka rubuta a ƙasa da ƙananan baƙi. Aikinsa tara haske, iya faɗin baki iya hasken da zai tara kuma iya ƙananan abubuwan da zai iya rarrabewa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ka ninka faɗin bakin sau biyu, nan ne iyakar zumin mai amfani. Mai 60mm iyakarsa 120x, shi ma sai a daren da iska ta kwanta. Mai 70mm iyakarsa 140x, ka ga kenan wancan na biyun gaskiya ya faɗa maka, shi ya sa ma na fi yarda da shi tun kafin in gan shi.

Matsala ta biyu da ta fi ɓata wa mutane rai ita ce ƙafar. Irin waɗannan masu arha ƙafarsu ba ta da nauyi, da ka taɓa shi don ka gyara fokas sai hoton ya yi ta rawa, kafin ya tsaya abin da kake kallo ya fice, don duniya juyawa take kuma a babban zumin cikin 'yan daƙiƙu tauraro ke tsallake gilashin ya ɓace. Ga yara a layi kowa na cewa Baba saura ni. Mutane da yawa a nan suke yin zuciya su jefa shi saman wadirob.

In da hali ka nemi mai madubi a ciki wanda aka ɗora a kan mazaunin katako mai juyawa, ana ce masa Dobson, sunan John Dobson ne wani mutumin San Francisco a Amurka da ya yaɗa irin wannan haɗin don talaka ya samu babban madubi da kuɗi kaɗan. Misali Sky-Watcher Heritage 130P, bakinsa 130mm fokas 650mm, yana zuwa da gilashin ido na 25mm da 10mm, wato 26x da 65x. Hasken da yake tarawa ya ninka na mai 60mm fiye da sau huɗu, kuma ba ya rawa, a kan tebur mai ƙwari ko turmi ka kife ka ɗora shi.

Ɗan_Damagaram:

Sannunku da ƙoƙari. Duk abin da Injiniya ya faɗa haka ne amma ni ina da ja a abu biyu.

Na farko ƙura. Heritage ɗin nan jikinsa a buɗe yake, zuge shi ake yi, madubin yana kallon waje. Mu nan da ku Kano daga ƙarshen Nuwamba har zuwa Maris kun san yadda hazo yake, ka share tebur da safe da la'asar ka rubuta sunanka a kai. Madubin teleskof kuma ba a goge shi da tsumma ko bakin riga, fentin alminiyon ne siriri a samansa, yashi ɗaya ya karce shi shikenan. Wanda zai saye shi sai ya ɗinka masa riga ta baƙin yadi, in an gama a rufe a sa a leda babba a ɗaure, ƙura kuma a hure ta da ɗan famfon iska irin na masu kyamara. Mai gilashi a gaba da jiki a rufe ya fi jure wahalar ƙasarmu, kuma ba ya buƙatar a yi ta saita madubai duk sanda ya sha jijjiga a mota.

Na biyu, ni da za ka ji tawa Malam, da madubin hangen nesa mai ido biyu za ka fara, irin wanda aka rubuta wa 10x50 ko 7x50, lambar farko zumin ne, ta biyu faɗin baki. Dalili, wanda bai san sama ba in ka ba shi teleskof bai san inda zai nufa da shi ba. Da 10x50 za ka ga ramukan wata manya, za ka ga watannin Jupiter kamar ɗige-ɗige a gefensa in ka jingina hannunka da katanga, Kaza da 'ya'yanta kuwa da ido shida ko bakwai kake ƙirgawa amma a ciki sai ka ga gomomi, kuma ta fi kyau a nan fiye da a teleskof don gaba ɗayanta take shiga. Ga hayaƙin nan na Orion a ƙasan taurari ukun nan da suke jere, ga Andromeda, wani babban gungun taurari, da haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso idonka. Kuma a duban jinjirin wata shi ya fi amfani nesa ba kusa ba, saboda yana ɗaukar fili mai faɗi kana sharar yamma da shi a hankali.

Wani abu da nake so mutanenmu su sani, Allah ya ba mu wuri. Kano tana wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, mu muna sama da ku kaɗan, saboda haka wata da su Jupiter da Saturn ta saman kanmu suke bi, ba ta gefe cikin dattin iska ba kamar yadda mutanen Ingila ke fama. Kuma muna ganin na kudu waɗanda su ba sa gani sam, tauraron Suhailu a lokacin sanyi, da wani dunƙulen taurari Omega Centauri wajen Afrilu da Mayu. Amma waɗannan sai ka bar fitilun Hotoro ka fita ƙauye a daren da babu farin wata. Sama mafi tsabta kuma ba da hunturu ba ce, daren da aka yi ruwa hadari ya washe ne, da kuma kaka wajen Oktoba kafin hazo ya sauko. Ka sa manhajar Stellarium a waya, kyauta ce, za ta nuna maka abin da ke sama a garinku a kowace sa'a.

Malama_Hajjo:

Salam. Ni malamar kimiyya ce a Gusau, kuma tunda na ji an ambaci yara da duban wata dole in sa baki. Baban Ilham don girman Allah, duk wanda ka saya, kar a taɓa nufar rana da shi, ko na daƙiƙa ɗaya, ko da hazo ya rufe ta ta yi ja kana ganin kamar ba ta da ƙarfi. Gilashin tara hasken yake ya zuba shi a cikin ido, bayan idon kuma ba ya jin zafi, mutum ba zai san ya ƙone ba sai daga baya, kuma ba a gyarawa. Wasu masu arhar suna zuwa da wata 'yar baƙar filta da ake ɗaurawa a gilashin ido an rubuta SUN, ka jefar da ita, zafi na iya fasa ta ido na kai. Filtar gaskiya a gaban teleskof ake sa ta ta rufe bakin gaba ɗaya. Baƙin tabarau da fim ɗin hoton asibiti da gilashin da aka turara da hayaƙi duk ba sa karewa. Da rana kuma kar a bar shi a kafe a saman bene yara su kaɗai.

A duban wata nan ne haɗarin ya fi yawa don jinjirin kusa da inda rana ta faɗi yake, mutum na sharar yamma sai ya faɗa kanta. Ka bari sai ta faɗi gaba ɗaya tukuna. In kuma ka gani, ka kai wa hakimi ko masarautarku su isar ga kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, sanarwa tasu ce.

Ina nan Gusau aka yi husufin ranar 29 ga Maris 2006, da hantsi gari ya yi duhu kaji suka nufi akurki, mutane na ta salati, kuma a ranar na ga yadda jama'a ke ɗaga kai suna kallo da ido tsirara kafin ta rufe. Akwai wani babba yana zuwa 2 ga Agusta 2027, zai rufe ruf a Luxor ta Masar fiye da minti shida, da Jidda da Makka, mu nan wani ɓangare za mu samu, to wani ɓangaren shi ne ba a kallo ba kariya ko kaɗan. A nemi tabaran husufi masu lambar ISO 12312-2 tun da wuri, su kuma na ido ne kawai, ba a sa su a leƙa teleskof.

Baban_Ilham:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Malama na ji kuma zan kiyaye in sha Allahu. Na fasa mai 525x. Na duba mai 130 ɗin, in aka haɗa da kuɗin kawowa da na kwastam ya fi ƙarfina a yanzu. To tsakanin mai ido biyun da mai 70mm wanne zan ɗauka? Don gaskiya zoben nan shi ne a ran yaran.

Injiniya_Samaru:

In zobe ne to mai 70mm za ka ɗauka, a nan na saɓa da ɗan'uwana na Damagaram. A 10x Saturn ɗigo ne mai ɗan tsawo kawai, zoben ba ya rabuwa da jikinsa sai an kai wajen 30x zuwa sama. Mai ido biyun ka bar shi sayayya ta gaba, maganarsa a kan duban wata da ƙura gaskiya ce.

Amma ka shirya ranka da na yara kan abin da za ku gani. Saturn zai fito ƙarami sosai, ruwan ƙwai-ƙwai, amma tsaf da zobensa, da wani ɗigo a gefe wanda shi ne Titan babban watansa. Hotunan jikin kwali na jiragen sama jannati ne da manyan na'urori. Zoben ma a Maris 2025 ya juyo mana gefensa ya zama kamar zare, yanzu yana ta buɗewa a hankali har zuwa 2032, kowace shekara sai ya fi kyau. Jupiter za ka ga ratsi biyu a jikinsa da watanni huɗun da Galileo ya gani a 1610 da abin da bai kai naka ba, Io da Europa da Ganymede da Callisto. Ka sa yara su zana inda suke yau, gobe su sake zanawa za su ga sun canja wuri, Io kwana biyu ba kaɗan yake zagayowa. Zara kuma za ka ga ashe ita ma tana yin rabi tana yin lauje.

Wata kar ka jira sai daren sha huɗu, ranar haske ya yi yawa komai ya baje. Daren bakwai zuwa goma ya fi, ka bi layin da ya raba haske da duhu, nan inuwa ke fito da duwatsu da ramuka, wajen daren tara ko goma za ka ga ramin Copernicus mai faɗin kilomita 93. Su wata da Jupiter da Saturn fitilun gari ba sa hana su, ɗan hazo mara kauri ma suna ratsa shi, saman benenka ya isa.

Kafin ka biya ka tambayi mai sayarwa abu uku. Kaurin gindin gilashin idon inci 1.25 ne ko 0.965, in 0.965 ne ka bar shi don ba za ka samu na canji masu kyau ba. Fokas ɗin nawa ne, don akwai masu 70mm gajeru 400mm na tafiya, su a gilashin 10mm 40x kawai za su ba ka, ka nemi mai 700mm ko 900mm. Sannan mazaunin wanda ke juyawa sama da ƙasa, dama da hagu ne, an fi rubuta masa AZ, shi ya fi sauƙi ga mai farawa. In ya iso ka fara saita ɗan ƙaramin madubin neman abu da ke samansa da yamma a kan hasumiyar masallaci ko eriyar waya mai nisa, bayanka na kallon rana, har abin da ke tsakiyar ƙaramin ya zama shi ne a tsakiyar babban. Kullum ka fara da gilashi mai babbar lamba, 20mm ko 25mm, sai ka kama abin sannan ka sa na 10mm. In ƙafar na rawa kar ka zuge ta har ƙarshe, ka rataya galan ɗin ruwa a tsakiyarta. Ka turo hoton kwalin mai 70mm ɗin ta inda aka rubuta lambobin mu duba maka kafin ka tura kuɗi.