Huawei, Ericsson ko Nokia: wanne ƙanena zai fara koya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya gama HND a fannin lantarki, ya dawo daga bautar ƙasa, ya ce aikin turakun sabis yake so. Kayan wane kamfani ya kamata ya fara koya? Kuɗin kwas ɗaya kawai nake da shi.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Huawei. An gama magana.

Na Gombe: Haba, bawan Allah ya nemi shawara ka jefo masa kalma ɗaya? Kawo dalili mana.

Ɗan Zariya: Ƙofarsu ce a buɗe. Takardunsu hawa uku ne, HCIA, HCIP, sai HCIE, kuma ko ba ma'aikacinsu ba ne kai za ka yi karatu ka zauna jarrabawa. Nan ABU ma akwai Huawei ICT Academy. Horon Ericsson kuwa galibi sai kana aiki da kamfanin layi ko ɗan kwangilarsu ake tura ka.

Maman Haidar: Wai dama Nokia tana nan da rai?

Na Gombe: Hajiya ta tuna mai tocila 😂

Injiniya: Tana nan daram, Hajiya. Ɓangaren wayar hannu ta sayar wa Microsoft a 2014, ta sayi Alcatel-Lucent a 2016 ta riƙe kayan sadarwa. Wayoyin da suka fito daga baya da sunanta, kamfanin HMD ne ya karɓi lasisin sunan. Haka Ericsson, ta bar wa Sony harkar waya a 2012, amma tun 1876 aka kafa ta a Stockholm, tana cikin sana'ar sadarwa har yau.

Mai Hawa: Baban Ummi, don Allah kafin ka fitar da ko sisi ka karanta wannan. Ni wata cibiya na biya, ba zan kama suna ba. Tallarsu ta ce za a koya mana kayan kamfanoni uku a kwas guda, da alƙawarin aiki a ƙarshe. Har muka gama ban taɓa BBU, akwatin da ke sarrafa siginar turke, da hannuna ba, ban ɗaga RRU, na'urar rediyon da ake ɗaurawa kusa da eriya, ba, hotuna kawai ake haska mana a bango. Takardar da suka ba mu su suka buga abarsu, suka manna tamburan kamfanoni a kai. Da na kai ta wurin neman aiki, mutumin ya ce in ba shi lambar da zai tantance ta a shafin kamfanin. Babu. Ya ja ni gaban akwatin wuta ya ce in nuna masa yadda batura suke haɗe, ya tambaye ni me ya sa kayan turke suke aiki da -48V. Ko sau ɗaya ba a ambata mana wannan a aji ba. Na koma cibiyar, aka ce mai wurin ya yi tafiya. Kuɗin nan mahaifiyata awakinta ta sayar ta ba ni, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai har yau. Daga baya na bi wani ƙaramin ɗan kwangila, a nan na koyi aikin gaske, amma shi ma igiyar tsaron da yake ba mu ta sha jiki, kuɗin aiki kuma sai ka yi ta sintiri. Don haka duk inda za ka kai yaron nan, ka je da ƙafarka. Ka ce a nuna maka kayan da ɗalibai suke taɓawa. Ka tambaya ko jarrabawar ta kamfanin ce da kansa. In suka fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Maman Haidar: Innalillahi. Allah ya saka maka.

Baban Ummi: Amin. Na gode ƙwarai, wallahi irin wannan cibiyar aka nuna masa.

Injiniya: Ni tambayar ce nake ganin an fara ta daga sama. Mafi yawan turakun ƙasar nan ba na Huawei ba ne, ba na Ericsson ba, ba ma na kamfanonin layi ba. Irin su IHS da ATC ke da su, masu layi haya suke yi. Turke ɗaya za ka tarar da kayan kamfani biyu ko uku a jikinsa. Abin da ke kashe sabis kullum wuta ce: janareta, batir, sola, man gas bai iso ba, ko an sare faiba wurin aikin titi. Yaron da ya karanta lantarki yana da rabin sana'ar a hannu. Ya ƙware a wutar DC irin ta batir, ya iya haɗa faiba, ya san IP, wato tsarin da na'urori ke aika wa juna data a intanet. Wanda ya iya tuƙi, sauya mota ba ya ba shi wahala.

Ɗan Zariya: Gaskiya ne Injiniya, amma mai ɗaukar aiki takarda yake fara dubawa. HCIA ta Datacom, ɓangaren sadarwar data, ai IP ɗin ce.

Na Gombe: Huawei ɗin da Amurka ta sa wa takunkumi tun 2019? Birtaniya ma ta ce a cire kayansu daga 5G zuwa 2027. Yaro ya koyi abin da ake cirewa?

Ɗan Zariya: A Landan zai yi aikin? Je ka buɗe akwatunan turakun Gombe ka dawo mu yi magana.

Na Gombe: To 5G da MTN ta ƙaddamar a 2022 fa, ba da hannun Ericsson ba?

Ɗan Zariya: Turaku nawa ne masu 5G a garinku?

Admin: Ku biyun nan kullum sai kun yi. A koma kan tambaya.

Ɗan Gusau: Ni dai a gaya wa yaron gaskiya game da daji. Mun ga 2021 da aka rufe sabis a Zamfara. Akwai turakun da ko da rana ba a zuwa sai da rakiya. Kada ya karɓi aikin wurin da bai sani ba don an ce kuɗin ya fi.

Mai Hawa: Ya kuma nemi horon aiki a sama kafin ya taka ƙarfe. Hular kwano da igiya mai ƙugiya biyu, ya duba ɗinkin da idonsa. In an ce ya hau ana hadari, ya ƙi.

Maman Haidar: Tunda injiniyoyi sun hallara, sabis ba ya shiga shagona. An ce in sayi busta mai ƙara ƙarfin sabis.

Injiniya: Kada ki saya, Hajiya. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta hana amfani da ita ba izini, tana lalata sabis ɗin maƙwabta. Ki nemi rauta, na'urar Wi-Fi da ake sa wa layi, mai ramin eriyar waje, a ɗaure eriyar a saman rufi tana fuskantar turke.

Maman Haidar: Huawei ko ZTE?

Na Gombe: Ɗan Zariya, ga kasuwa ta zo maka 😂

Injiniya: Duk biyun suna aiki. Ki duba band ɗin da ke rubuce a kwali, wato lambar zangon sigina da rautar ke kamawa. In Glo kike amfani da shi, ki tabbata akwai band 28, ba kowace rauta ke ɗauke da shi ba. Ki kuma tambaya ko a kulle take da layi ɗaya.

Maman Haidar: Layi biyu nake sawa. Bari in ɗauko hoton wadda ake tallata mini ku duba.

Admin: Hoto kawai, Hajiya, banda lambar mai sayarwa.