Wace babbar lamba ce ta taɓa yaudarar ku?

Malamin Lissafi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na sha kunya a aji. Na rubuta 1,000,001 a allo, na ce wa yara firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Mara ce, jimlar alƙalumanta 2, ta ƙi 3, ta ƙi 7, ta ƙi 11 da 13. Sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gwada 101." Wallahi ta rabu tsaf: 101 sau 9,901. Abin ya tsaya min a rai. Ko akwai wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi?

Tsohon Ɗalibi: Malam, kada ka damu, manya ma sun faɗa ramin. Ni 4,294,967,297 ce ta cinye min dare biyu. Na bi firam ɗaya bayan ɗaya har na wuce 300, na gaji na ce ba ta rabuwa. Ashe 641 ke raba ta, ta bar 6,700,417. Daga baya na karanta cewa masanin lissafi Fermat da kansa ya zaci firam ce, don 'yan uwanta da ake samarwa ta hanya ɗaya da ita, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk firam ne. Sai a 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya warware zancen.

Mai Koyon Kwamfuta: Ni na'ura ce ta ruɗe ni. Na shigar da 147,573,952,589,676,412,927 a wata manhajar lissafi, ban sani ba alƙaluma 15 kawai take riƙewa, sauran ta mayar da su sifili. Na ga lambar ta ƙare da 0, na rubuta a aikina cewa cika ce, tana rabuwa da 10. Alhali mara ce. Kuma ita ce lambar da masanin lissafi Cole ya nuna a 1903 cewa 193,707,721 sau 761,838,257,287 ce. Tun daga ranar, in lamba ta yi tsawo, sai na ƙirga alƙalumanta kafin na amince da abin da allo ya nuna.

Malama: Malamin Lissafi, ranka ya daɗe, kuskurenka ɗaya ne: ka tsaya da wuri. Lambar da ke kusa da miliyan, gwajinta sai ya kai 1,000, don 1,000 sau 1,000 ke ba da miliyan. Firam 168 ne a ƙasa da 1,000, aikin yamma guda. Ni akasin naku ya same ni. Na rantse 2,147,483,647 za ta rabu, na yi ta nema, ashe firam ce tsantsa.

Malamin Lissafi: Na gode Malama. Gobe zan ba su 1,000,003, mu raba firam ɗin 168 tsakanin layukan aji, yarinyar nan ta jagoranci layin farko.