Mutum ɗaya da makirfo yana ba jama'a dariya, me sunan sana'arsa da Hausa?

1/ Daren jiya autanmu yana kallon Trevor Noah, ɗan Afirka ta Kudun nan mai ba da dariya, a waya, yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai. Inna ta leƙo ta ga mutum tsaye da makirfo, jama'a sun cika ɗaki, ta ce, "Kai Auta, wannan wa'azi yake yi ko siyasa?" Yaro ya buɗe baki ya rasa abin cewa. Turawa suna kiran abin stand-up comedy. Mu fa?

2/ Na jefa tambayar a nan da safe, amsoshi suka yi ta zuwa. Wanda ya fara cewa ya yi "barkwancin tsaye". Allah ya ba ka haƙuri ɗan'uwa, wannan kam ban karɓa ba. In an ce na tsaye, sai a tambayi na zaune da na kwance.

3/ Wata baiwar Allah ta ce camama. Kalma ce mai daɗi a baki, amma tana da gidanta: fim ne, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi tashe da shi har rasuwarsa a Disambar 2014. A camama akwai labari, akwai abokan wasa, akwai guje-guje da faɗuwa a kwata. Mr Bean ma, da kusan ba ya magana, can ya fi dacewa. Shi kuwa wannan mutumin ba shi da komai sai bakinsa.

4/ Barkwanci zalla fa? Na daɗe a kanta. Matsalarta ita ce, a wurinmu barkwanci yakan so mutum biyu: Bafulatani da Babarbare, Bakano da Bazazzagi, jika da kaka, taubashi da taubashi. Ka jefa, a rama. A zauren da ake sayen tikiti kuwa, ɗaya ne ke jifa, saura nasu dariya ce.

5/ Sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya rubuto min: "Ɗana, kun manta da 'yan kama ne?" Nan na ajiye waya na yi shiru. Ɗan kama yakan tsaya a tsakiyar taro, ya sha rawani kamar shehun malami, ya gyara murya ya ja baƙi, amma duk karatun tuwo ne da miyar kuka da fura. Ya ɗauki waƙar da kowa ya sani ya juye ta ta koma ta abinci. Ya kwaikwayi mai mulki, mai mulkin yana zaune yana murmushi. Sana'ar ma da sunanta tun tuni, 'yankamanci.

Ku duba abin da Trevor Noah ya yi a shirin talabijin ɗin Amurka mai suna The Daily Show daga 2015 zuwa 2022. Ya zauna a tebur cikin kwat kamar mai karanta labaran talabijin, labaran ma na gaske ne, amma ya murɗe su su zama abin dariya. Rawanin ne kawai ya koma kwat.

6/ Na ji ƙorafin masu cewa ɗan kama maroƙi ne, kyauta yake jira, su kuwa na yanzu irin su Ali Baba na Legas tikiti ake yanka musu. Gaskiya ne. To mawaƙin da ya bar ƙofar fada ya koma situdiyo, mun sake masa suna?

7/ Ga inda na tsaya. Sana'ar: 'yankamancin dandamali. Mai yin ta: ɗan kaman dandamali, mace 'yar kama. Idan magana ta yi nisa a yar da dandamalin, kowa zai gane.

8/ Na gwada ta a kan Inna ɗazu bayan la'asar. Na ce, "Inna, mutumin jiya ɗan kaman Turawa ne." Ta karɓi wayar ta ƙura masa ido, ta ce, "Au, ɗan kama ne? To ya na ji har yanzu bai ambaci tuwo ba?"