Kan notin bututun cikin salansa ya cinye, yaya za a fitar da shi?

Sani, Garki:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar babur. Ina da Jincheng AX100 wanda na saya a hannu, kuma tun bayan damina ƙarfinsa ya ragu sosai, musamman idan na ɗora masa buhu a hanyar yashi. Na san cewa babur irin wannan, mai ƙona mai tare da fetur, yana tara baƙin hayaƙi a bututun nan mai huji-huji da ke cikin salansa, shi ya sa nake son in zaro shi in wanke. Matsalar ita ce ɗan notin da ke riƙe da shi a gindin salansa, domin na same shi kansa ya riga ya cinye ya zama kamar ƙwallon goruba, sifana mai lamba 10 tana zamewa kawai. A ƙauyenmu babu mai walda, sai an je Gumel. Akwai abin da zan iya yi a gida?

Ɗanlami Makanike, Gumel:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin komai ka ajiye sifanar nan, domin duk zamewar da ta yi tana ƙara cin abin da ya rage na kan notin. Abin da ya riƙe shi tsatsa ce da zafi: salansa tana ɗaukar zafi ta huce kullum, ruwan damina kuma yana shiga, har notin ya manne da mazauninsa.

Ka kwance salansar gaba ɗaya daga jikin babur, ka kankare dattin da ke kewaye da notin, sannan ka ɗiga masa kananzir ko WD-40, wato man feshin nan mai sassauta tsatsa, idan kana da shi, ka bar shi ya kwana. Da safe ka ɗora wani guntun ƙarfe a kan notin ka buga da guduma daidai misali, saboda girgizar tana fasa tsatsar da ke ciki. Daga nan ka ɗauki magagari ka goge gefe biyu na kan notin har su yi shafe, ka kama da filaya mai kulle, ka matse ta iya ƙarfinka. Kada ka fizga. Ka ɗan juya shi wajen ɗauri tukuna, sannan wajen kwancewa, kana yi kana ƙara kananzir. Idan filaya ba ta samu wurin kamawa ba, ka yanka tsaga a tsakiyar kan da zarton ƙarfe ka gwada babban sukudireba, ko da yake ni ban cika dogara da wannan ba a kan notin da ya sha wuta.

Malam Isa mai walda, Ringim:

Ɗanlami ya yi bayani mai kyau, amma a ganina, ƙanena, idan kan ya cinye kamar yadda ka kwatanta, ɗaure salansar a bayan wani babur ka kai ta wurin mai walda ya fi maka sauƙi. Abin da muke yi shi ne mu samo wani noti mai rami wanda ya ɗan fi kan girma, mu ɗora shi a kai, mu cika ramin da walda ta ciki. Amfanin biyu ne: ka samu sabon kai da sifana za ta kama sosai, sannan zafin waldar yana kumbura tsohon notin, idan ya huce ya tsuke, sai tsatsar ta sake shi. Mafi yawan lokaci yana fitowa ba tare da gardama ba, muddin aka bari ja ɗin ya ɓace kafin a sa sifana, domin ƙarfen da yake ja da zafi murɗewa yake ya karye.

Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne ka gaya wa mai waldar cewa ka jiƙa wurin da kananzir, kuma ka goge shi tas. Cikin salansar irin wannan babur cike yake da daskararren mai, yana iya kamawa da wuta, saboda haka a yi aikin a fili, nesa da masu sayar da fetur a kwalba.

Sani, Garki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan kan ya karye, ko notin ya riƙa juyawa a wuri ɗaya ba ya fitowa fa?

Ɗanlami Makanike, Gumel:

Idan yana juyawa a banza, to haƙoran jikinsa ne suka cinye, ko kuma mazauninsa da aka liƙa a jikin bututun ya ɓalle. Ka cusa bakin sukudireba a ƙarƙashin kan kana ɓanɓaro shi waje yayin da kake juyawa. Idan ya ƙi, ko ya karye, sai injin huda. Notin da sifana 10 ke kamawa kaurinsa milimita 6 ne, don haka a fara buga alama a tsakiyarsa daidai, a huda da milimita 3, sannan a bi da 5 ko 6 a hankali. Mutane da yawa suna tsayawa da zarar kan ya fita, alhali guntun da ya rage a cikin hujin salansa shi ne yake tare bututun, dole a ɗan ƙara nutsawa har a wuce kaurin jikin salansar.

Bututun kansa ma zai iya ƙin fitowa saboda daskararren hayaƙi, sai ka kama bakinsa da filaya kana murzawa hagu da dama kana ja. Idan ya fito, ka gasa shi a garwashi har man ya ƙone, ka kankare shi da buroshin waya, ka buɗe kowane huji da ƙusa. Wajen mayarwa ka sayi sabon noti, ka shafa masa giris mai jure zafi, kuma ka riƙa kwance shi kana mayarwa duk lokacin da ka zo wanke fulogi.